Yadda Ake Hanzarta Zaɓen Salon Hasashe Na Cikin Firam Wajen Matse Bidiyo

Manhajar da ke matse bidiyo, wadda masu harkar ke kira inkoda, tana yanka kowane firam, wato hoto guda cikin jerin hotunan bidiyon, zuwa ƙananan tubala, sannan ta yi hasashen abin da ke cikin kowane tubali domin ta aika bambancin kawai. Inda babu firam na baya da za a leƙa, kamar farkon bidiyo ko wurin da aka sauya fage, sai ta dogara da fiksel ɗin da ke jere a saman tubalin da waɗanda ke hagunsa, ta miƙo su ciki ta wata fuska: daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, ko a karkace. Kowace fuska salo guda ce. Wannan shi ne hasashen intira, kuma ba bidiyo kaɗai ke cin moriyarsa ba, hotunan HEIC da AVIF da ke cikin wayoyinmu ma da shi ake matse su.

Matsalar ita ce salon ya yi yawa. H.264, tsarin matse bidiyo na shekarar 2003, yana da salo 9 ga tubalin 4×4 da salo 4 ga na 16×16. HEVC na 2013 ya kai 35: filana (mai cike tubali da haske mai sauyawa a hankali), DC (mai cike shi da matsakaicin haske guda), da kusurwoyi 33 masu lamba 2 zuwa 34. AV1 na 2018 yana da fuskoki 56 ban da sauran salailansa, VVC na 2020 kuwa yana da 67 kafin a ƙara sababbin kayan aikinsa. Ƙa'idar ba ta gaya wa inkoda wanda za ta ɗauka ba, ta bayyana yadda dikoda, manhajar da ke buɗe bidiyon, za ta karanta abin da aka aiko ne kawai. Saboda haka duk dabarar da za mu yi a nan halal ce, matuƙar fayil ɗin da ya fito yana bin ƙa'ida.

Zan gina bayanin a kan HEVC da inkodarsa ta gwaji mai suna HM, domin lambarta, wato rubutun manhajar, a buɗe take kuma da ita ake auna kusan duk wani aiki a wannan fage. Wanda ba ya taɓa lamba, yana amfani da inkodar x265 ko makamantanta ne kawai, zai sami nasa a ƙarshe, amma ina ba shi shawarar kada ya tsallake tsakiyar.

## Fara da sanin yadda inkoda ke zaɓe

Abin ya yi kama da zaɓe mai hawa biyu. Akwai zaɓen fidda gwani, mai araha, inda duk 'yan takara 35 ke shiga. Akwai kuma babban zaɓe, mai tsada, wanda 'yan kaɗan ke kaiwa.

A hawa na farko HM tana yin hasashe da kowane salo, ta cire shi daga asalin tubalin, ta bi ragowar da juyin Hadamard, ta tara girman lambobin da suka fito. Wannan jimillar ita ce SATD. Sai ta ƙara kiyasin bit ɗin da za a kashe wajen sanar da salon. Daga nan take ɗebo salo 8 mafiya araha ga tubalan 4×4 da 8×8, salo 3 kuma ga 16×16 da 32×32 da 64×64. Tana kuma ƙara salailan da ake kira MPM idan ba su shiga jerin ba.

MPM na buƙatar bayani, domin za mu yi ta komawa kansa. Salo uku ne da ake tsammanin sun fi yiwuwa, ana samo su daga salon da tubalin hagu da na sama suka ɗauka. Sanar da na farkonsu yana cin kimanin bit 2, sauran biyun kimanin bit 3, duk salon da ba ya cikinsu kuwa kimanin bit 6. A tubalin da fiksel 16 ne kacal a cikinsa, ratar bit uku ko huɗu ba ƙaramin abu ba ce.

A hawa na biyu, wanda ake kira RDO, kowane ɗan takara sai an yi masa cikakken aiki: hasashe, juyin DCT ko DST, taƙaita lambobi gwargwadon QP (ma'aunin tsananin matsewa: in ya ƙaru, bit da inganci su ragu), ƙirga bit ta hanyar CABAC (tsarin da HEVC ke rubuta bit da shi), sannan a mayar da komai baya a sake gina tubalin a auna ɓarnar da aka yi masa. Farashin shi ne J = D + λR, inda D ke nufin ɓarna, R yawan bit, λ kuma kuɗin musayar da ke tsakaninsu. Ga firam na intira a HM, λ = 0.57 × 2^((QP−12)/3). A hawa na farko saiwar λ ake amfani da ita, domin SATD ba murabba'in kuskure take tarawa ba.

Yanzu mu yi lissafi. Babban tubali na 64×64, wato CTU, ana gwada shi a kowane girma: guda 1 na 64, 4 na 32, 16 na 16, 64 na 8, da 256 na 4. Jimilla tubala 341. Sau 35, an sami lissafin SATD 11,935. A babban zaɓe kuwa: tubala 21 manya sau 3 sun ba da 63, tubala 320 ƙanana sau 8 sun ba da 2,560, jimilla 2,623, ba a ma ƙara MPM ba. Firam ɗaya na 1920×1080 yana da CTU 510. Ka lura da inda nauyin ya taru: 2,560 cikin 2,623 na ƙananan tubala ne. Gwaji ɗaya na babban tubali ya fi na ƙarami tsada, gaskiya ne, amma kowane hawa na girma yana rufe fiksel 4,096 ɗin nan ne dai, don haka hawan da ake bi sau 8 ya fi wanda ake bi sau 3 cin lokaci. Wanda ya riƙe wannan ya san inda zai fara sara.

## Mataki na ɗaya: kafa ma'auni kafin ka taɓa komai

Ka tanadi bidiyon gwaji ɗanye, wanda ba a matse ba. Akwai sanannun da kwamitin HEVC ya yi aiki da su, irin su Kimono, ParkScene, Cactus, BasketballDrive da BQTerrace masu girman 1080, da RaceHorses da PartyScene masu 832×480. Ka yi amfani da su domin a iya kwatanta sakamakonka da na wasu. Amma ka haɗa da irin bidiyon da inkodarka za ta riƙa matsewa a zahiri. Ɗaukar taron biki cike da leshi da atamfa da hula mai aiki ba ta yi kama da ɗaukar malami zaune gaban farin bango ba, ita ma ba ta yi kama da fili a lokacin hazo ba. Dabarar da ta yi kyau a ɗaya tana iya yin ɓarna a ɗayan. Ka ciro daga asalin fayil ɗin kyamara, ba wanda ya ratsa WhatsApp ba, domin wannan an riga an goge ƙananan zane-zanensa:

`ffmpeg -i biki.mov -pix_fmt yuv420p -frames:v 60 biki.yuv`

Firam ɗaya na 1080 a wannan siffa bayit 3,110,400 ne, firam 60 za su ci kusan megabayit 187.

Sai ka matse kowane bidiyo da HM ta asali, da tsarin `encoder_intra_main.cfg`, a QP huɗu: 22, 27, 32 da 37. Ka rubuta yawan bit, da PSNR (ma'aunin ingancin hoto) na Y, wato haske, da U da V, wato launi, da lokaci. Waɗannan ɗigo huɗu su ne za a yi lissafin BD-rate da su, ma'aunin da Gisle Bjøntegaard ya gabatar a 2001, wanda ke faɗin kashi nawa na bit aka ƙara domin a sami inganci iri ɗaya. Ragin lokaci kuma: tsohon lokaci a cire sabo, a raba da tsoho, sau 100.

Auna lokaci ya fi yadda ake zato wuya. Kwamfutar cinya tana rage gudun injinta idan aka ɗauke wuta ta koma kan batiri, tana kuma ragewa idan ta yi zafi, abin da mai aiki a Kano ko Yamai a watan Afrilu ya sani sarai. Idan ka auna tsohuwar inkoda da safe a kan wuta, sabuwa da rana a kan batiri, ba ka auna komai ba. Ka yi duka a na'ura ɗaya, a yanayi ɗaya, ka maimaita. A Linux, `perf stat` yana ba da yawan umarnin da injin ya zartar, adadin da zafi ba ya girgiza shi sosai. Kuma tun da firam ɗin intira ba su dogara da juna ba, ba dole ka matse duka ba. Masu gwajin VVC firam ɗaya cikin kowane 8 suke ɗauka.

Daga nan ka bi inkodar da `perf record` ko gprof ko VTune, ka ga kason kowane sashe. Kada ka tsallake wannan. A ce hawa na farko yana cin kashi 20 cikin ɗari na lokaci: ko ka shafe shi gaba ɗaya, kashi 20 ɗin ne iyakar ribarka. Mutane da yawa suna zuba wata da watanni wajen rage kusurwoyi 33, alhali lokacin yana can cikin RDO.

## Mataki na biyu: bari inkodar ta gaya maka halinta

A cikin `TEncSearch.cpp` akwai aikin da ake kira `estIntraPredLumaQT`, a tsofaffin fitowa `estIntraPredQT`. Nan ne zaɓen biyu ke gudana. Ka sa layin da zai rubuta, ga kowane tubali: girmansa, QP, jerin 'yan takara da farashinsu na hawa na farko, MPM ɗinsa, da wanda ya yi nasara a ƙarshe.

Da wannan fayil za ka amsa tambayoyin da komai zai rataya a kansu. Sau nawa na ɗaya a zaɓen fidda gwani ke cin babban zaɓe? Sau nawa na bakwai ko na takwas ke ci? Idan na ɗayan MPM ne, sau nawa ake kayar da shi? Idan wanda ya ci ba na ɗaya ba ne, ratar farashinsu ta kai nawa? Ka raba amsoshin bisa girman tubali da QP. Kada ka ari iyakar wani daga takarda ka liƙa, domin a kan bidiyonsa ya same ta.

## Mataki na uku: rage masu shiga babban zaɓe

Nan ne riba ta fi yawa idan aka kwatanta da wahala, kuma nan nake so ka daɗe.

Hanya mafi sauƙi ita ce sauya teburin `g_aucIntraModeNumFast_UseMPM` da ke cikin `TComRom.cpp`, ka mai da 8 ɗin nan 4 ko 3. Layi ɗaya ne. Ka yi shi, ka auna, ka ajiye sakamakon, domin shi ne abokin karawar duk wata dabarar da za ka ƙirƙiro. Idan wayonka mai layi ɗari uku bai fi wannan layi ɗaya ba, bai cancanci zama a cikin lambar ba.

Sai dai adadi tsayayye yana da aibi: yana ba tubali mai sauƙi da mai wuya kulawa iri ɗaya. Abin da ya fi shi ne a duba ratar farashi. Idan na ɗaya yana da 400, na biyu 410, na uku 900, biyun farko suna takara da gaske, na ukun ɗan rakiya ne. Inkodar x265 haka take yi: tana barin waɗanda farashinsu bai zarce na ɗaya da kashi 25 cikin ɗari ba, da iyakar adadi da ke ƙaruwa idan aka ɗaga matakin `--rd` ko tubalin ya ƙanƙanta. Ka fara da 1.25 ɗin, ka gwada 1.1 da 1.5, ka zana abin da kowanne ya ba ka.

A kan wannan sai ka ɗora ƙa'idoji uku, ɗaya bayan ɗaya, kana aunawa. Ta farko: idan na ɗaya a hawa na farko shi ne kuma MPM na farko, shaidu biyu sun haɗu, hoton da maƙwabta, sai a taƙaita jerin zuwa ɗaya ko biyu. Ta biyu: idan jerin ya cika da kusurwoyi masu bin juna, kamar 25, 26, 27 da 28, hasashensu kusan ɗaya ne, ka bar biyu mafiya araha ka ba wata fuska dabam gurbin. Ta uku: MPM na farko kada ya fita daga jerin ko da SATD ta raina shi. Dalili kuwa SATD ba ta san abin da taƙaita lambobi zai yi ba. A QP mai tsawo ragowar salo biyu tana iya zama sifili duka, a nan mai arahar sanarwa ne zai ci.

Wannan ya kawo mu kan QP. λ tana ninkawa a duk ƙarin QP uku: kimanin 5.7 a QP 22, 58 a QP 32, 184 a QP 37. Bit ɗaya a QP 37 ya fi na QP 22 tsada sau 32. Iyakar da ka gyara a QP 32 kaɗai za ta iya yin tsauri a gefe ɗaya, ta yi sako-sako a ɗayan. Ka ɗaura iyakokinka a kan λ ko a kan rabon farashi da farashi, ba a kan lamba tsayayya ba.

## Mataki na huɗu: rage aikin zaɓen fidda gwani

Bayan RDO ta sassauta, kason hawa na farko zai ƙaru, a lokacin ne ya cancanci a waiwaye shi. Hanya biyu ce.

Ta farko ita ce tafiya daga nesa zuwa kusa. Kusurwoyin da ke maƙwabtaka farashinsu yakan yi kusa, don haka ba sai an taɓa kowanne ba. Tsarin `--fast-intra` na x265 yana gwada 5, 10, 15, 20, 25 da 30. A ce 25 ya fi araha, sai a gwada 23 da 27. A ce 27 ya ci, sai 26 da 28. Kusurwoyi 10 ke nan maimakon 33, a ƙara filana da DC. Inkodar gwajin VVC ma kusan haka take yi, tana fara da kusurwoyin da aka gada daga HEVC sannan ta duba na kusa da waɗanda suka fi. Haɗarin shi ne tubalin da layi biyu suka gitta a cikinsa, kamar saƙar tabarma ko tagar ƙarfe, inda araha ke wuri biyu. Maganinsa a riƙe biyu mafiya kyau daga zagayen farko, a kuma gwada MPM uku ko yaya.

Ta biyu ita ce a tambayi hoton kansa. Feng Pan da abokan aikinsa ne suka shahara da wannan tun 2005 a kan H.264, kuma har yau libaom, inkodar AV1, tana tace fuskoki da dabara mai kama da ita. Ga kowane fiksel na asalin hoton, ka yi lissafin Sobel a kan fiksel tara da ke kewaye: Gx, wato hasken dama a cire na hagu, da Gy, hasken ƙasa a cire na sama. Ƙarfin layin shi ne |Gx| + |Gy|.

A nan ne ake yawan tuntuɓe. Hasashe yana bin tsawon layi ne, ba ya tsallaka shi. Gx mai girma yana nufin haske na sauyawa daga hagu zuwa dama, wato layin a tsaye yake, salonsa 26 ne, ba 10 ba. Don haka idan |Gx| ya fi |Gy|, kana cikin salailan tsaye, 18 zuwa 34, sai ka lissafa 32 × Gy/Gx. Idan |Gy| ne ya fi, kana cikin na kwance, 2 zuwa 18, sai ka lissafa 32 × Gx/Gy. Ka nemi mafi kusa da sakamakon a teburin karkatar HEVC: 0, 2, 5, 9, 13, 17, 21, 26, 32 da kishiyoyinsu. Sifili shi ne 26 ko 10. Masu alamar ƙari suna hawa daga 27 zuwa 34 a ɓangaren tsaye, suna sauka daga 9 zuwa 2 a ɓangaren kwance. Masu alamar ragi suna nufar 18 daga kowane gefe. Ka gwada lambarka da hoton da ka zana da kanka, mai layi guda a karkace, kafin ka yarda da alamomin.

Kowane fiksel sai ya jefa ƙuri'a mai nauyin ƙarfinsa a akwatin salon da ya nuna. Salo 2 da 34 layi ɗaya suke bi daga ƙarshe biyu, don haka ƙuri'ar ɗaya ta shafi ɗayan. Ka ɗauki akwatuna biyu ko uku mafiya nauyi tare da maƙwabtansu na kusa, ka haɗa da filana da DC da MPM, su kaɗai za a yi wa SATD. Idan jimillar ƙarfin ta yi ƙasa sosai, tubalin sumul yake, filana da DC da MPM sun wadatar.

Kada ka maimaita Sobel a kowane girma. Ka yi shi sau ɗaya ga CTU, ka tara akwatunan 4×4, ka haɗa huɗu su ba ka na 8×8, haka har sama. Kuma ka sani cewa a inkodar da aka gyara da umarnin SIMD, masu sarrafa lambobi da yawa a bugu ɗaya, irin x265, SATD tana da arahar da Sobel ɗin da aka rubuta sakaka zai iya fin ta tsada. A bidiyon dare mai yawan ƙura-ƙurar kyamara ƙuri'un sukan watse ko'ina. Idan akwati mafi nauyi bai yi wa sauran fintinkau ba, ka koma hanya ta farko.

## Mataki na biyar: kada ka gwada girman da ba zai ci ba

Tsallake girma guda yana kawar da hawa biyun gaba ɗaya, shi ya sa ribar nan take da girma, haɗarinta ma haka.

Fara da wadda kusan ba ta cin komai. Idan an san farashin babban tubali, ana kuma gwada 'ya'yansa huɗu, da zarar jimillar biyu ko uku na farko ta zarce na uwar, sauran ba za su rage ta ba. A tsaya. A x265 sunanta `--splitrd-skip`.

Sai masu ɗan caca. Idan salon da ya ci a wani girma ya bar ragowar da duk ta zama sifili, rabawa da wuya ta amfana. Idan fiksel ɗin tubalin kusan launi ɗaya ne, kamar sararin sama, a bar shi babba. Idan kuma rubu'ansa huɗu suna nuna fuskoki mabambanta da ƙarfi, akwatunan Sobel da ka riga ka tara za su gaya maka, sai ka tsallake babban ka gangara. Zurfin da CTU na hagu da na sama suka tsaya a kai shi ma shaida ne, amma yana ruɗi a bakin abubuwa, inda bango ya ƙare mutum ya fara. Tubalin 64×64 yana da wani hali: juyi mafi girma a HEVC 32×32 ne, don haka huɗu na 32 ne masu salo ɗaya. Ƙididdigarka ta mataki na biyu za ta nuna ko yana cin zaɓe a bidiyonka har ya cancanci gwaji.

Wasu suna horar da bishiyar yanke hukunci ko ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta domin wannan. Kvazaar, inkodar Jami'ar Tampere ta ƙasar Finlan, tana da `--ml-pu-depth-intra`. A VVC, inda CTU ya kai 128×128 kuma ana raba tubali biyu ko uku a tsaye ko a kwance ban da huɗu, nan ne babban fagen. In za ka bi ta nan, lokacin da samfurin ke ci ya shiga lissafi, kuma bidiyon da aka horar da shi da su kada su shiga gwaji.

Launi ba ya buƙatar dogon zance. Salo 5 ne, ɗaya daga ciki kwafin salon haske. Kana iya tace su da SATD ka kai biyu RDO, amma ka sa ido kan BD-rate na U da V.

## Mataki na shida: haɗawa da tabbatarwa

Ribar dabaru ba ta taruwa kamar kuɗi a asusu. Biyu da kowacce ta rage kashi 30 ba za su ba ka 60 ba, domin sau da yawa aiki ɗaya suke sarewa. Ɓarnarsu kuma tana yaɗuwa: salon da aka zaɓa ba daidai ba yana zama MPM na maƙwabci, fiksel ɗinsa kuma su ne tushen hasashen na gaba. Ka sa wa kowace dabara makunninta, ka auna ta ita kaɗai, sannan bibbiyu, sannan duka. Ka zana ragin lokaci a gefe ɗaya, BD-rate a ɗayan, ka sa ɗigon sauya tebur na mataki na uku a ciki. Ka duba bidiyo mafi muni, ba matsakaici kaɗai ba.

Akwai kuskure ɗaya da ba a yafewa. Kana da damar amfani da asalin fiksel na maƙwabta wajen tace salo, kamar yadda inkodojin da aka gina a kan guntun lantarki kan yi domin kada su jira. Amma hasashen ƙarshe dole ya fito daga fiksel ɗin da aka sake ginawa, domin su kaɗai dikoda ke da su. In ba haka ba hoton zai riƙa zamewa daga tubali zuwa tubali, alhali PSNR ɗin da inkodarka ke bugawa yana nuna lafiya lau. Ka kunna `--SEIDecodedPictureHash=1` a HM, ko `--hash 1` a x265, ka buɗe kowane fayil da dikodar HM ka ga ta amince da MD5, wato lambar tantancewa, na kowane firam.

Sannan ka kalla da idonka. Ka tsayar da firam a kan fuska cikin ƙarancin haske, da sararin sama gab da magariba, da rubutu a allo. Wuraren da haske ke sauyawa a hankali su ne ke fara nuna tsani-tsani idan an takura wa filana.

## Ga mai amfani da inkoda kawai

A x265, `--preset` ne ke juya yawancin waɗannan tare, daga `ultrafast` zuwa `placebo`. Ka tsaya a ɗaya, ka riƙa sauya abu guda a lokaci guda:

`ffmpeg -i biki.mov -c:v libx265 -preset medium -crf 24 -x265-params fast-intra=1:b-intra=0:tu-intra-depth=1 fita.mp4`

`fast-intra` yana aiki ne a `rd` 4 zuwa ƙasa, kuma tasirinsa yana wurin gwada intira cikin firam ɗin P da B, masu hasashe daga wasu firam, don haka kada ka sa rai da shi sosai a bidiyon da aka yi da `keyint=1`, inda kowane firam intira ne. `b-intra=0` yana hana gwada intira a firam ɗin B. Wasu daga cikin waɗannan suna iya kasancewa a haka tun asali a matakin da ka zaɓa, ka karanta layukan da x265 ke bugawa a farko ka gani. `min-cu-size=16` yana kawar da tubalan 8×8 da 4×4, gudu zai ƙaru sosai, amma rubutu da ƙananan zane za su ji jiki.

A x264, `--partitions` ne ke riƙe da `i4x4` da `i8x8`, `--subme` kuma daga 6 yake fara RDO ga firam ɗin I (na intira zalla) da P. A Kvazaar, `--pu-depth-intra 2-3` yana tsare bincike a 16×16 da 8×8. A libaom, ka fara da `--cpu-used`, in bai isa ba sai ka gwada kashe `--enable-filter-intra` ko `--enable-angle-delta`, wanda kashe shi ke mai da fuskoki 56 zuwa 8 na asali. A bidiyon yau da kullum, mai firam ɗin I ɗaya a cikin daƙiƙu da yawa, yawancin lokaci yana wurin neman motsi ne, don haka ka auna daƙiƙa goma na bidiyonka da tsarin da kuma babu shi kafin ka ɗora shi a kan aikin gaba ɗaya.